3.2 Gadon Gida da Gona a Masarautar Kano, 1903 – 1968

Lokacin da Turawa suka ci Kano a shekarar 1903, sun tarar da rabon gado a hannun alƙalai, bisa mazhabar Malikiyya. Idan mutum ya rasu, akan ƙididdige tarikarsa a gaban shaidu, a fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, a biya bashin da ake binsa, sannan a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusin dukiyar ba. Abin da ya rage shi ake raba wa magada: ɗa namiji ya sami ninkin rabon ɗiya mace, matar mamaci kuma ta sami tumuni idan akwai 'ya'ya, ko rubu'i idan babu. Alƙali yakan cire ushira, wato kashi ɗaya cikin goma na tarikar. Bayan an kafa baitulmali, an yanka wa alƙalai albashi, sai ushirar ta koma can.

Sai dai wannan tsari ya fi ƙarfi a kan dukiyar da ake iya ɗauka, kamar tufafi, dabbobi da kuɗi. Shari'ar gida da gona kuwa ta majalisar Sarki ce, domin ana ganin ƙasa tana hannunsa. Wannan ne ya ba Sarkin Kano Usman damar hana mata gadon gidaje da gonaki a 1923, bisa hujjar cewa macen da ta mallaki gida takan ƙi zaman aure. Ta haka 'yan'uwa maza suka riƙa riƙe rabon mata, da sunan su ne za su ɗauki nauyinsu.

Hanin ya kai shekara 31. A 1954 Sarki Muhammadu Sanusi ya soke shi, saboda halin ƙunci da tsofaffin mata marasa mai kula da su suka shiga. Daga nan mata suka fara kai ƙara don neman haƙƙinsu a gidajen iyayensu.

A 1960 aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda gado da wasiyya suke cikin huruminta. Dokar Kotunan Yanki ta 1967, wadda ta fara aiki a 1968, ta rushe kotunan sarakuna gaba ɗaya. Bisa wannan, za a iya cewa rabon da mace take samu a wancan zamani bai dogara ga abin da littattafan fiƙihu suka tanada kaɗai ba, ya dogara har ga wanda ke da ikon yanke hukunci a kan ƙasa.