Ɗaurarre da Ciwon Zuciyarsa a Tarihin Ƙasar Kano

A zamanin da alƙalin gunduma yake yanke hukunci a Ƙaraye, idan laifin mutumin Kurugu ko Rogo ya kai ga ɗauri mai tsawo, dogarai ne ke tasa ƙeyarsa a ƙasa, da igiya a ƙugu, ana ratsa garuruwa da shi jama'a na kallo, har a dangana da birnin Kano a damƙa shi ga Yari. Kuma sau da yawa wannan tozarcin na hanya ya fi bulala daɗewa a cikin ransa.

Kurkukun da Turawa suka tarar ranar da suka ci Kano a Fabrairun 1903, shugabansu Lugga ya siffanta shi cikin rahotonsa da cewa ɗaki biyu ne, kowanne ƙafa 17 a tsawo da 7 a faɗi, ba taga, ana cusa mutum 135 a ciki kowane dare, waɗansu kuma an zura ƙafafunsu cikin ramukan gindin bango. Lalle mai neman hujjar mamaye ƙasa ba ya rasa ƙarin gishiri, amma ko rabin wannan bayani ya tabbata, ya isa a gane cewa wurin ba a gina shi domin islahin kowa ba. Gidan yarin Kurmawa da En'e ta riƙe daga bisani ya kawo tsafta da ciyarwa da aikin ƙarfi, aka ga fursunoni suna share tituna gandiroba na biye da su, sai dai firgici da baƙin ciki da waswasin da ke cin ɗaurarre cikin dare ba su shiga littafin kowane ma'aikaci ba, har gwamnatin tarayya ta karɓe gidajen yari a 1968.

Ba wai magabata sun jahilci wannan ciwo ba ne, a wani wuri dabam suka ajiye maganinsa. Malaman da suka tashi da karatun Diya'ul Hukkami, wanda Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa a Kano, sun ɗauki ɗauri a matsayin ta'aziri, watau ladabtarwa gwargwadon ijtihadin mai hukunci. Kuma a mazhabar Malikiyya, ko a shari'ar jini, idan waliyyan mamaci suka yi afuwa ko suka karɓi diyya, sai ƙisasi ya faɗi, a yi wa mai laifi bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Hikimar da ke cikin wannan ita ce, ana ba gidaje biyu damar su zauna, mai laifi ya furta nadama a gaban waɗanda ya cuta, su kuma su faɗi abin da ke ƙona su, domin zuciyar wanda aka zalunta ma tana bukatar magani, kuma ɗaurin da aka yi a birni, nesa da idonsa, ba safai yake sanyaya ta ba.

Inda al'adar ladabtarwa ta karkace shi ne makarantun mari, waɗanda iyaye ke kai kangararrun 'ya'ya da masu shaye-shaye da nufin tarbiyya, aka wayi gari sarƙa da duka sun rinjayi karatu, har hukuma ta fasa da dama a Kaduna da Daura a 2019, aka fito da samari da tabon ƙarfe a idon sawu. A shekarar ce kuma aka sa hannu kan dokar gidajen gyaran hali, wadda ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Abin da zauren dagaci ya daɗe yana yi, sai ga shi ya dawo cikin rigar doka. Kusa da Ƙaraye ma, a Kiru, gwamnatin jiha ta kafa cibiyar gyaran masu shaye-shaye.

Duk da haka, ranar da aka sallami mutum ya koma ƙauye, likitan ƙwaƙwalwa yana can Dawanau, abin da ke kusa da shi kuwa liman ne mai yi masa tofi da nasiha kan tauba da haƙuri, da mahaifiya mai lura da cewa ba ya barci, ko yana zabura idan an buga ƙyaure, da dattawan unguwa waɗanda a hannunsu yake a ba shi gona aro, a tsaya masa a wurin neman aure, ko kuwa a bar yara su riƙa nuna shi ana cewa ga tsohon fursuna nan.