Sankarar Yara a Kumasi da Zazzaɓin da Ba a Kwana da Shi

Cikin sankarar da ke kama yara a Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani ita ce mai kumbura muƙamuƙi ko ciki a 'yan makonni. Likitan tiyata Denis Burkitt ne ya fara bayyana ta a Yuganda a 1958, har aka sa mata sunansa. Daga baya bincike ya danganta ta da ƙwayar Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964, da kuma yawan zazzaɓin cizon sauro, wanda ƙasar Asante, inda Kumasi take, ba ta rabuwa da shi.

A Ghana, asibitin Korle Bu na Akra ne ya fara mayar da hankali kan cutar tun shekarun 1960. Asibitin Komfo Anokye na Kumasi, wanda aka gina a 1954 ya kuma zama na koyarwa a 1975, ya samu nasa sashen kula da cutar daga baya. Can ake kai yaran Zango, daga Aboabo har Asawase.

Ita wannan sankara tana jin magani, kumburi kan sace da wuri. Sai dai maganin ba ya tsayawa kan cuta kaɗai. Yana taɓa ɓargo, inda ake samar da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin magani sukan yi ƙasa matuƙa, bakin yaro ya yi gyambo, ya kasa ko haɗiye koko. A wannan tsakanin ƙwayoyin cutar bakinsa da hanjinsa kan shiga jini, ba ƙurji ba mugunya, sai zafin jiki kawai.

Nan haɗarin yake. A gidan haya mai ɗakuna jere, inda yara ke cuɗanya, ƙyanda da ƙarambau ba su da wuyar samu. Kuma an saba, jiki ya yi zafi a nufi kemis a sayo farasitamol. Ga yaron da ke karɓar maganin sankara, jinkirin dare guda na iya cin rai.

Tsada ta daɗe tana sa iyaye yanke magani, har a 2021 aka sanar da shigar da sankarar yara iri 4, ciki da ta Burkitt, cikin inshorar lafiya ta ƙasa. Yaron da ke karɓar magani, da zarar zafin jikinsa ya kai digiri 38, a garzaya da shi asibiti, ko da tsakar dare ne.