Kowa Da Layinsa: Yadda Besbol Na Yara Ya Iso Accra

A cikin harabar makarantar sakandare ta Labone akwai wani filin wasa da ake kira Koshien. Daga Nima ko Maamobi tafiyar 'yan mintuna ce a trotro, amma in ka tsayar da samarin zango ka tambaye su, da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunan. An buɗe shi a 2014 da taimakon gwamnatin Japan, kuma an gina shi ne domin besbol. Sunan na Japan, wasan na Amurka, ƙasar kuwa Ghana, inda yaro ke koyon harba ƙwallo kafin ya iya ɗaura wando. Yadda waɗannan uku suka haɗu labari ne da ya kamata duk mai kula da yara a zango ya ji, ko da kuwa ba zai taɓa riƙe sandar wasan ba.

Ga wanda bai san wasan ba, ga shi a taƙaice. Ƙungiya biyu ce, kowace da mutum tara. Ɗaya ta bazu a fili tana tsaro, ɗaya kuma mutanenta na zuwa ɗaya bayan ɗaya su bugi ƙwallo da sanda. Wanda ya buga sai ya ruga, ya bi ta tasha uku ya dawo inda ya taso, kuma wurin nan gida ake ce masa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan: fatake ne, zango uku, sannan gida. In masu tsaro suka riga ka kai ƙwallo zangon da ka nufa, ka fita. In mutum uku suka fita, a yi musanya. Wani abin dariya, kalmar da suke kiran tashar da ita, wato bes, ita ce samarin Nima ke kiran majalisarsu ta shan ataya. Bambancin kawai, a tasu ba a zama.

An daɗe kafin wani ya yi tunanin auna wasan da jikin yaro. A garin Williamsport na jihar Pennsylvania, wani ma'aikacin kamfanin katako mai suna Carl Stotz ya lura cewa 'ya'yan 'yar'uwarsa na son wasan amma filin ya fi ƙarfinsu. Ya tara yaran unguwa, ya yi ta matso da tashoshin yana gwadawa, har ya tsaya a ƙafa 60 tsakanin tasha da tasha maimakon ƙafa 90 na manya. A 1939 ya kafa Little League da ƙungiyoyi uku kacal, aka buga wasan farko ranar 6 ga Yuni. Daga baya aka ƙara sauƙaƙawa saboda 'yan shekara huɗu zuwa bakwai. Yaro ƙarami ba ya iya jifa daidai, ba ya kuma iya bugun abin da ke tafe a iska, don haka aka kafa wani turke na roba, a ɗora ƙwallo a kai, yaro ya tsaya ya auna ya buga abinsa. A yawancin irin waɗannan wasanni ba a ma ƙirga maki. Abin da ake so ya koya kaɗan ne: ya riƙe sanda da hannu biyu, ya sa ido a kan ƙwallo, ya ajiye sandar bayan ya buga kada ya wurgar da ita ta fasa kan wani, ya san inda zai ruga. Sai na ƙarshe, wanda ya fi sauran wuya ga ɗan shekara biyar, ya zauna ya jira layinsa.

Hanya ta biyu ta biyo ta gabas. Wani malami Ba'amurke, Horace Wilson, ya koya wa ɗalibansa wasan a Tokyo a 1872, Japanawa kuma suka karɓe shi suka sa masa tasu riga. A 1915 aka fara gasar makarantun sakandare ta ƙasa, a 1924 aka gina filin Koshien a Nishinomiya, kuma har gobe ba abin da ɗan makarantar Japan mai buga besbol ke mafarki kamar ya taka wannan fili. A can, kafin a fara wasa ƙungiyoyin biyu na yin sahu suna fuskantar juna, su cire hula su sunkuya, bayan an tashi su sake. Yara ne ke share fili, su ne ke jera kayan wasa. Wanda ya yi makarantar allo, ya san durƙusawa gaban Malam da wanke allo da ajiye shi a inda ya dace, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Wannan rigar ce ta iso Accra. A 1996 hukumar JICA ta Japan ta turo wani ma'aikacinta, Shinya Tomonari, wanda ya buga besbol a jami'ar Keio. Aikin ofis ya kawo shi, amma ya tarar da wasu matasa na buga wasan da ɗan abin da suka samu, ya shiga cikinsu, har ya zama kocin ƙungiyar ƙasa. A gasar wasannin Afirka ta 1999 a Johannesburg, Ghana ta zo ta huɗu, bayan Afirka ta Kudu da Najeriya da Zimbabwe. Ga ƙasar da yawancin mutanenta ba su san tana da ƙungiyar ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai gini ne da aka fara daga rufi. Akwai 'yan wasa kaɗan da suka iya, babu dubban yara a ƙasa da za su gaje su.

Amurkawa ma sun leƙo. A watan Fabrairu na 2007 Omar Minaya, wanda a lokacin shi ne babban manajan New York Mets, ya zo da manyan sunaye irin su Dave Winfield da Dusty Baker. Sun koyar da yara a Accra da Tema, sun raba kayan wasa, aka ɗauki hotuna, bayan 'yan kwanaki suka hau jirgi. Ban raina alherinsu ba. Amma ruwan sama na kwana ɗaya, komai ƙarfinsa, ba ya nuna gero. Safar hannu ta fata tana yagewa, sanda tana karyewa, kuma ba a sayar da su a kasuwar Nima.

Tomonari ya fahimci haka. Bayan ya koma gida ya kafa wata ƙungiya a 2003 domin tallafa wa besbol a Afirka, kuma cikin abin da ta sa a gaba akwai wani wasan yaran Japan na tsakar unguwa, mai kusurwa uku maimakon huɗu, da ƙwallo mai laushi, wanda ba ya neman tsadaddun kaya. Ya sauko daga ƙungiyar ƙasa zuwa harabar makarantun firamare. Akwai labarin da yake yawan bayarwa, na wani yaro ɗan Ghana da ya tambaya me ya sa yake son wasan, yaron ya ce saboda wasa ne na dimokuraɗiyya, kowa sai an ba shi damarsa ya buga.

A ganina wannan yaron ya gano bakin zaren. Ku tuna yadda muke buga ƙwallo a lungu. Mai ƙwallo shi ne sarki, shi ke zaɓen 'yan wasa, in aka ɓata masa rai ya ɗauki abinsa a tashi. Mai ƙiba da ƙaramin cikinmu su ne gola. Yaro na iya yini a fili ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo sau uku ba, domin gwani ba ya ba shi. Wannan tsarin ya fitar da zakaru, ba musu. Mohammed Kudus daga Strong Tower ta Nima ya taso, ya bi ta Right to Dream da Nordsjaelland da Ajax har Firimiyar Ingila, kuma duk ɗan zango na alfahari da shi. To amma sauran yaran da suka tsaya a raga fa, me filin ya koya musu? Cewa mai ƙarfi ke ci. A besbol kuwa an rubuta jerin masu bugu tun kafin a fara, gwani ba shi da ikon ƙwace layin rago, kuma in layin rago ya zo, kowa na kallonsa shi kaɗai, abokansa na kiran sunansa. Little League ma ta mai da shi doka cewa duk yaron da ya zo wasa sai an sa shi. Ga kuma wani abu: ko a wurin ƙwararru, wanda ya dace sau uku cikin bugu goma ana ce masa gwani. Yaron da ya taso a wasan da kuskure ya fi dacewa yawa, dole ya koyi komawa benci ba tare da kuka ko zagi ba.

Kada wani ya ɗauka waliyyai ne ke wasan. Inda duk manya suka sa kwaɗayin kofi, yara ne ke biya. A 1992 an ƙwace kambun duniya na Little League daga ƙungiyar Zamboanga ta Filifin saboda ta sa yaran da ba su cancanta ba. A 2001 aka gano cewa Danny Almonte, wanda ya gagari kowa a jifa, shekarunsa 14 ne ba 12 ba. A 2011 yaran Uganda sun ci gasar share fage, amma aka hana su bizar Amurka saboda takardun haihuwarsu sun saɓa wa juna, sai a 2012 ƙungiyar Lugazi ta zama ta farko daga Afirka da ta buga a Williamsport. Mu ma mun san wannan ciwo a ƙwallon yara, inda mai gemu ke aske shi da asuba ya shiga cikin 'yan ƙasa da 12, koci na kallo, iyaye na tafi. Abin ya kai FIFA ta fara duba ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009 a Najeriya. Kocin da ya koya wa yaro gaisawa da abokin hamayya, sannan ya rage masa shekara a takarda, darasi biyu ya ba shi, kuma na biyun ne zai zauna.

Saura maganar fili. Nima da Maamobi ba su da sararin da za a zana filin besbol, ɗan wanda ake da shi kamar Kawukudi kuwa ƙwallon ƙafa ta cinye shi tun daga asuba. Amma hannun yaran Accra ba baƙon sanda ba ne. Duk wanda ya yi caskele ya san yadda ake murƙushe gwangwanin madara, ɗaya ya jefa, ɗaya ya tare da katako ya watsa shi nesa. Yaran Kuba ma suna da nasu na kan titi, kuma daga shi ne hukumar besbol ta duniya ta tsara Baseball5, mutum biyar biyar, maza da mata a ƙungiya ɗaya, ba sanda, ba safar hannu, ƙwallon roba kawai da ake bugawa da tafin hannu. An yi gasar duniya ta farko a birnin Meziko a 2022, Kuba ta ci, kuma an sa wasan cikin gasar Olamfik ta matasa ta Dakar 2026. Tsakanin tasha da tasha mita 13 ne. Harabar makarantu da dama a zango ta kai haka, kuma ranar Alhamis da Juma'a ba karatun allo.