TA WACE ƘOFA 'YAN MISHAN SUKA SHIGO ƘASAR SAKKWATO?

Ya kai mai karatu, yau ga ni tafe da wata magana wadda mutanenmu ba su cika son a taɓo ta ba, wato labarin 'yan mishan masu wa'azin bishara da yadda aka yi suka samu wurin zama a ƙasar Sakkwato. Ni Musulmi ne, mutumin Boɗinga, kuma ba na jin sanin tarihin maƙwabci zai rage wa kowa imani. Waiwaye dai adon tafiya ne.

Duk wanda ya san yankinmu ya san ba ƙaramin wuri ba ne a tarihin Jihadi. A Sifawa, nan gefenmu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, inda Allah ya yi masa rasuwa a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a nan Boɗinga ya zauna kafin Gwandu. A zaman Sifawa ne Shehu ya raba ɗawainiyar daula, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Malam Abdullahi. To wuri irin wannan, in an ce maka wani zai taso daga bayan teku ya zo ya kira mutanensa zuwa wani addini, ai sai ka yi dariya. Amma an zo ɗin, kuma yadda aka zo akwai abin lura a ciki.

Kirista na farko da labarinsa ya shahara a fadar Sakkwato ba ɗan mishan ba ne. Wani sojan ruwa ne na Ingila mai suna Clapperton, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdullahi. Ya iso a 1824, zamanin Sarkin Musulmi Bello. Sarkin Musulmi ya sauke shi, ya zauna da shi, ya yi ta yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin Kiristoci na dā da saɓanin da ke tsakaninsu, har baƙon ya rasa ta cewa, ya ga mai masaukinsa ya fi shi sanin tarihin addinin nasa. Da ya komo a 1826 ya zo da tsarabar littattafai cikin Larabci, har da Linjila da Zabura da littafin lissafi na Iƙlidis. Zuwan na biyu bai yi armashi ba, domin lokacin ana yaƙi da Borno, shi kuma yana ɗauke da saƙo zuwa can, aka hana shi wucewa. Ciwo ya kama shi, ya mutu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Ka riƙe wannan, za mu komo kansa.

Masu bishara na sosai sai a ƙarshen ƙarnin suka ɗaura niyya. Me ya taso su? A aƙidarsu, duk wanda ya mutu bai karɓi Almasihu a matsayin mai ceto ba, ya hallaka. Suka dubi taswira suka ga ƙasa tun daga Kwara har Kogin Nilu, wadda suke kira Sudan, miliyoyin mutane babu mai wa'azinsu ko ɗaya, sai abin ya hana su barci. Wata dattijuwa a birnin Toronto ta ƙasar Kanada, uwar wani saurayi Walter Gowans, ita ta zuga wani matashi Rowland Bingham ya bi ɗanta. Su biyu da na ukunsu Thomas Kent, mutumin Amurka, suka sauka Ikko a watan Disamba na 1893, babu wata babbar ƙungiya a bayansu, babu kuɗin kirki. Kafin shekara ta zagayo Gowans ya mutu a Girku ta ƙasar Zazzau, Kent ya mutu a Bida. Bingham ya koma gida da zazzaɓi, ya sake gwadawa a 1900 ciwo ya sake kora shi, sai a 1902 mutanensa suka kafa zango a Patigi ta ƙasar Nufe. Wannan shi ne asalin ƙungiyar SIM.

Ni dai ban yarda da aƙidar da ta kawo su ba, amma ba zan ce wasa suka zo yi ba. Mutum ba ya barin uwarsa ya zo ya mutu a bukkar wani ƙauye saboda wasa. Kuma mu ya kamata mu fi kowa gane irin wannan zafin zuciya, tun da Shehu ma shekaru ya yi yana yawon wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi, don tausayin kada mutane su mutu cikin jahilci. Kowane ɓangare yana ganin ɗan'uwansa a bakin rami yake.

Su ma 'yan cocin Ingila, wato CMS, sun gwada tasu sa'ar. A 1900 Bishop Tugwell ya ja ayari har fadar Kano, Sarki Alu ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su bar masa gari. A cikin ayarin akwai wani likita, Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila. Shi ne ya samu zama cikin birnin Zariya a 1905, daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. Da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakke a 1932.

To ina Sakkwato a duk wannan? Ƙofarta a rufe take, kuma abin mamaki Nasara ne da kansu suka sa mata sakata. Bayan sun ci garin ranar 15 ga Maris 1903, Gwamna Lugga ya tara manya ya yi alkawari cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin Musulunci ba. Kada ka ɗauka ƙauna ce ta sa shi. Turawan ba su da yawa, da sarakuna suke son su yi mulki, kuma suna tsoron abin da zai tunzura talakawa. Tsoron nan ya tabbata a nan kusa da mu. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, masu da'awar Mahadi, suka tashi suka kashe Turawa uku da sojojinsu da dama. Wata bai cika ba aka komo aka shafe garin, aka kashe mutane bila adadin, har yau Satiru kufai ne. Tun daga nan Razdan ko Di'o in ya ji ɗan mishan na son shiga ƙasar sarkin Musulmi sai gabansa ya faɗi. Shekara wajen talatin 'yan mishan suna kai ƙara har Ingila, suna cewa gwamnatin Kirista ta hana a yi wa'azin Kirista. Suka karkata zuwa Jos da kudancin Zazzau da Adamawa, wasu suka haura ƙasar Faransa, suka zauna Damagaram da Tsibiri kusa da Maraɗi.

Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar da ke bangonmu ita ce kuturta.

Yaran yanzu ba su san yadda cutar nan ta yi yawa a ƙasar Hausa ba. Babu garin da ba shi da kutare, har da Sarkin Kutare mai shugabantar su wajen bara. Mu da muka ɗan kwana biyu mun gan su ran kasuwa da ran Juma'a, a jere a bakin hanya, hannu babu yatsu, akushi a gaba. Ba a kore su daga gari ba, ana ba su sadaka, wannan gaskiya ne. Amma sadakar daga tsaye ake jefa ta. Wa zai durƙusa ya wanke gyambon? Wa zai ci tuwo kwano ɗaya da su? Mace in abin ya bayyana a jikinta, sau da yawa aurenta ya mutu ke nan.

A shekarun 1930 gwamnati da En'e suka so a yi sansanonin jinyar kutare a kowane lardi, ga shi babu likitoci, babu masu jinya da za su yarda su zauna cikinsu. Su wa suka ce za su iya? 'Yan mishan. Wajen 1937, da yardar sarakuna, aka danƙa wa SIM sansanin Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, nan ƙasar Dange Shuni maƙwabtanmu. Lokacin Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ke kan gado, a 1938 kuma Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya gaje shi, aiki ya ci gaba a zamaninsa. Sarakunan ba a makance suka yarda ba. Sun san abin da baƙin ke nema, sun gindaya sharuɗɗa a kan wa'azi, musamman ga yara ƙanana. Sai dai sun auna sun ga talakawansu na ruɓewa da ransu, ga kuma mai cewa zai yi magani.

Maganin farko allurar wani mai ce da ake samu daga 'ya'yan wata itaciya ta ƙasar Indiya, mai zafin tsiya, amfaninta kuma kaɗan. Saboda haka majinyaci sai ya shekara biyu, uku, biyar a sansani, yana noma, yana karɓar allura. To ka ga mutumin da danginsa suka ɗauke ƙafa, kullum safiya ga wata Baturiya ta durƙusa tana wanke masa ƙafa, ta naɗe da bandeji, tana kiran sunansa. In an gama a yi addu'a, a karanta Linjila da Hausa, a yi waƙa. 'Ya'yan da aka haifa lafiya a raba su da iyaye don gudun cutar, a rene su, a koya musu boko. Ashe ba dole wasu zukata su karkata ba? Mafi yawan waɗanda suka kwanta a Amanawa da Musuluncinsu suka shiga, da shi suka fita. Amma an samu waɗanda suka karɓi baftisma, cikinsu aka samu ma'aikatan asibiti da malaman makaranta da masu bishara. A 1954 majami'un da SIM ta kafa suka haɗu suka zama ECWA, a shekarar kuma gidan rediyon ELWA ya fara aiki daga Laberiya, wanda daga baya aka riƙa jin wa'azinsa da Hausa a akwatunan rediyo. 'Yan Katolika su ma suka iso lardin, aka yi musu dayosis ta Sakkwato a 1964.

Akwai masu cewa duk aikin asibitin tarko ne, maganin shi ne tsaba. Su 'yan mishan ɗin ba su taɓa ɓoye cewa ruhin majinyaci suke nema kafin jikinsa ba, kuma yi wa mai ciwo wa'azi lokacin da ba shi da wata mafita abu ne da ke da nauyi a wuyan mai yin sa. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Zakka na nan, waƙafi na nan, hadisan falalar duba maras lafiya yaranmu na haddace su a makarantun Islamiyya. Me ya hana attajiranmu da malamanmu na wancan zamani su gina Amanawa tasu?

Ƙarshen zamanin sansani magani ne ya kawo shi. A shekarun 1950 aka samu ƙwayar dafson, wadda mutum zai karɓa a ɗakin shan magani ya koma gidansa. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe asibitocin mishan, a shekarun 1980 kuma aka zo da haɗin magunguna mai warkar da cutar sarai cikin watanni. Kuturta ta ragu ƙwarai, ko da yake ba ta ƙare ba. Turawan sun tafi, amma Kiristoci na nan, wasu baƙi da aiki ko kasuwa ta kawo, wasu kuwa Hausa ce harshen uwarsu, ba su da wani gida da ya wuce nan.

Yaya za a zauna da su? Tarihin ƙasarmu ya nuna mana hanya biyu. A watan Fabrairu na 1982 Alhaji Shehu Shagari, ɗan wannan yanki, malamin makaranta, yana Shugaban Ƙasa ya tarbi Fafaroma John Paul na Biyu, kuma ba a ji ya fasa salla ba. A watan Mayu na 2022 kuwa, a kwalejin da ke ɗauke da sunansa a Sakkwato, gungun matasa suka kashe wata ɗaliba Kirista bisa zargin ɓatanci, babu alƙali babu shari'a, har Majalisar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir, gwamnati ta sa dokar hana fita. Sai ka gwada wannan da zaman Sarkin Musulmi Bello da baƙonsa. Bello ya karɓi Linjila a hannunsa bai firgita ba, domin ya yi karatun da ya san abin da ke hannun nasa.

Mai bishara ba zai daina bishara ba, addininsa ya ɗora masa. Mai da'awa ma ba zai daina ba. Abin da ya rage shi ne kowa ya kira da baki da kyakkyawan hali, ban da dole, ban da yaudarar yaro ko mayunwaci, hisabi kuma a bar wa Mai shi. Wanda kuma yake jin kishin kada ɗan'uwansa ya bar addini, to ya tashi ya duba wane ne kuturun yau. Ga almajiri na kwana a tasha, ga matar da yoyon fitsari ya sa miji ya sake ta, ga waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu suna zube a kangwaye. Duk wanda ya riga durƙusawa gabansu, shi za su saurara.

Allah ya sa mu gane, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.