Tiren Dakta Clara Davis: Tarihin Rigimar Iyaye da Yara a Kan Cin Ganye

A shekarar 1926, a asibitin Mount Sinai da ke birnin Cleveland na Amurka, wata likitar yara mai suna Clara Davis ta fara wani gwaji da ya saɓa wa kusan duk abin da ake koya wa iyaye a wancan zamani. Ta karɓi jarirai uku waɗanda aka cire daga nono ba da jimawa ba, ba su kuma taɓa sanin ɗanɗanon wani abinci ba. Duk lokacin cin abinci sai a ajiye wa kowannensu tire ɗauke da ƙananan kwanuka, kowane kwano da abinci iri ɗaya tak, ba gauraye, ba kayan ƙamshi. Gishiri ma nasa kwanon daban. Ma'aikaciyar jinya za ta zauna a gefe da cokali a hannu, amma an hana ta miƙa wa yaro komai sai abin da ya kai hannu gare shi ko ya nuna da kansa. Ba ta da izinin yi masa murmushin ƙarfafawa ko ɗaure fuska. In ya ƙoshi ya daina ci, a ɗauke tire, a auna abin da ya rage, a rubuta.

Daga baya aikin ya koma Chicago, adadin yaran ya kai 15, dukkansu an fara da su suna tsakanin wata 6 zuwa 11 da haihuwa, aka kuma shafe kimanin shekara 6 ana yi. Abincin ya haura iri 30: madara da tsamammen nono, naman shanu da na rago da kaza, kifi, hanta, ƙoda, ƙwaƙwalwa, ɓargo, alkama da masara da sha'ir, ayaba da abarba da ruwan lemu, sannan tumatir, karas, kabeji, latas, alayyafo da dankalin Turawa.

Kafin a fahimci abin da ya sa likita za ta ɗauki wannan wahala, sai an koma baya kaɗan. A ƙarni na 19, likitocin Turai da Amurka tsoron ba wa ƙananan yara ganye da 'ya'yan itace suke yi. Gudawar lokacin zafi tana kashe jarirai da yawa a birane, ana kuma ɗora laifin a kan ɗanyen kayan lambu, alhali gurɓataccen ruwa da lalatacciyar madara ne suka fi yin ɓarnar. Littafin renon yara na Dakta Luther Emmett Holt, wanda ya fito a 1894 ya kuma zama jagoran iyaye na tsawon shekaru, cike yake da ƙa'idoji: a ciyar da yaro da agogo, a auna masa abin da zai ci, a nisanta shi da ɗanyen ganye. Sai ga shi a farkon ƙarni na 20 an gano sinadaran da Casimir Funk ya raɗa wa suna bitamin a 1912. Nan da nan lissafi ya juya. Ganyen da ake hana yaro jiya ya zama wajibi yau. Uwar da aka tsoratar da ita kan ba da alayyafo, yanzu ana tsoratar da ita kan rashin bayarwa.

Yaran kuwa ba su karanta mujallun likitanci ba, suka rufe baki. Ƙorafin "yarona ba ya cin abinci" ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kai iyaye mata wurin likita a shekarun 1920. Amsar da manyan likitoci suka bayar ita ce a ƙara matsi. Alan Brown, fitaccen likitan yara na Toronto, ya shawarci iyaye da su yi amfani da ƙarfi kan yaron da ke tofar da abinci, in ma ya amayar a sake ba shi har sai ya zauna masa a ciki. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yi wa yaro ɗura a gidajenmu, a danne shi a cinya, a tara kunu a tafin hannu a bakinsa har sai ya haɗiye, ba zai ji wannan shawara baƙuwa ba. Bambancin kawai shi ne a can likita ne ke ba da umarnin, a nan kuwa ma'aikatan lafiya sun daɗe suna gargaɗi cewa ɗura tana iya shaƙe yaro ko ta tura kunu cikin huhunsa.

A cikin wannan yanayi ne Davis ta yi tambayarta: in an ƙyale yaro, me zai ci?

Abin da ta gani ya ba da mamaki. A makonnin farko yaran sun ɗanɗana kusan komai, har da cizon cokali da gefen tire. Wasu sun dumbuzi gishiri suka kai baki, suna kuka amma ba su tofar ba. Bayan ɗan lokaci kowa ya fitar da abin da yake so, kuma babu biyu da zaɓinsu ya zo ɗaya. Akwai wanda karin kumallonsa hanta ce da ruwan lemu. Sukan kuma kama abinci ɗaya su yi ta ci kwana da kwanaki kamar ba za su bari ba, sai rana ɗaya su juya masa baya su kama wani. In ka dubi cin rana guda sai ka ce wannan yaro zai lalace. In ka haɗa na wata guda sai ka tarar ya sami abin da jikinsa ke buƙata. Wasu daga cikin yaran sun zo a rame, wasu da cutar laushin ƙashi da ke gwame ƙafafu, amma dukkansu suka murmure. Ɗaya daga cikin masu wannan cuta an riƙa ajiye masa man hantar kifi a tirensa, abin da yara suka tsana saboda ƙarni. Ya riƙa sha jefi-jefi da kansa har ƙashinsa ya warke, daga nan bai sake taɓawa ba.

Akwai wani ɓangare na sakamakon da ba a cika faɗa ba, shi ne kuma ya fi shafar maganarmu. Ko a wannan tire da babu alewa babu biskit, ganye bai zama abin so ba. Madara da 'ya'yan itace da nama da ɓargo su suka fi tafiya, latas da alayyafo suna can baya. Yaran sun ci ganye daidai gwargwado, ba tare da kuka ko duka ba, suka kuma girma lafiya.

Davis ta wallafa rahoton farko a 1928, ta kuma gabatar da sakamakon gaba ɗaya a taron likitocin Kanada a Montreal a 1939. Labarin ya yaɗu sosai bayan da Dakta Benjamin Spock ya kafa hujja da shi a littafinsa na renon yara na 1946, wanda aka sayar da miliyoyin kwafinsa. A hannun jama'a sai darasin ya taƙaita zuwa jimla ɗaya: jikin yaro ya san abin da yake buƙata, a bar shi ya zaɓa. Wannan rabin magana ce, kuma Davis da kanta ta faɗi ɗaya rabin. Ta bayyana cewa dabarar gwajin tana cikin jerin abincin. Babu sukari a tiren, babu soye-soye, babu kayan gwangwani, babu wani abu da aka sarrafa don ya ja ran mai ci. Duk inda yaro ya kai hannu, alheri zai ɗauko. Manya ne suka yi zaɓin farko, yaro ya yi na biyu a cikin shingen da suka kafa.

Ya kamata a faɗi rauninsa ma. Yara 15 ba su isa a gina doka a kansu ba, babu kuma wani rukuni da aka ciyar ta hanyar da aka saba don a gwada da su. Iyayensu mata talakawa ne, zawarawa da 'yan mata da ba su da halin riƙe su, kuma da wuya wani kwamitin ɗa'a na yau ya amince a tsare yara shekaru ana auna lomarsu. Davis ta ɗauki biyu daga cikinsu ta riƙe a matsayin 'ya'yanta, abin da ke nuna irin zuciyarta, amma bai sauya wannan hukunci ba.

Tambayar da ta bari a buɗe ita ce ta yaron da ya riga ya kai shekara biyu ya fara tsirfa. Yaranta sun fara tun suna jarirai, lokacin da yaro ke kai komai baki. Ƙyamar sabon abinci tana kunno kai ne wajen shekara biyu, takan kuma ɗauki shekaru kafin ta lafa. Akwai dalilai biyu da ke haɗuwa a nan. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku a shekarar farko, daga nan girman ya ragu zuwa kilo 2 ko 3 a shekara, don haka cinsa ma ya ragu, uwa kuma ta ɗauka ciwo ne. Sannan an haifi ɗan Adam da son zaƙi da gudun ɗaci, kuma yawancin ganyaye suna da ɗan ɗaci. Masana da dama na ganin wannan kariya ce ga yaron da ya fara yawo shi kaɗai a inda tsiro mai guba yake.

Wadda ta fi kowa aiki a kan wannan mataki ita ce Leann Birch, masaniyar halayyar yara a Amurka, daga ƙarshen shekarun 1970. Gwaje-gwajenta ƙanana ne, amma sun taɓa dabarun da kowace uwa ta sani. A 1980 ta zaunar da yaron da ya fi son wani kayan lambu a tsakiyar yara uku ko huɗu da suka fi son wani daban. Cikin kwana huɗu ya fara bin zaɓinsu. A 1982 ta nuna cewa 'yan shekara biyu suna ƙara son sabon abinci gwargwadon yawan ɗanɗana shi da suka yi, daga baya kuma ta gano cewa kallo kaɗai bai wadatar ba, sai ya taɓa harshe. Bincike iri-iri ya tsaya kan cewa yakan ɗauki ɗanɗanawa 8 zuwa 15, alhali yawancin iyaye sukan haƙura bayan gwaji uku zuwa biyar su yanke hukuncin cewa yaron ba ya so. Ta kuma gwada cinikin nan na "cinye wannan in ba ka wancan", ta tarar yana rage wa abincin farko daraja a idon yaro. Hankalinsa yana gaya masa cewa abin da sai an biya ka kafin ka ci, ba abin daɗi ba ne. Wani gwaji da ita da abokan aikinta suka wallafa a 2006 ya nuna cewa yaran da ake ta ce wa su shanye miyarsu sun fi shan kaɗan, sun kuma fi kushe ta.

A Landan, Jane Wardle da abokan aikinta sun kai wannan cikin gidaje a 2003. Suka nemi iyaye su riƙa ba yaro ɗan ƙanƙanin yanki na ganyen da ya ƙi, kullum har kwana 14, ba tilas ba lada. Yaran suka ƙara sonsa suka kuma ƙara ci. Tun kafin nan, a 2001, Julie Mennella ta cibiyar Monell da ke Philadelphia ta nuna cewa jariran da uwayensu suka sha ruwan karas a ƙarshen goyon ciki ko lokacin shayarwa ba su cika yatsine fuska ba ranar da aka fara ba su kunu mai ɗanɗanon karas.

Idan aka jera waɗannan binciken, mai karatu da ya tashi a gidan yawa zai ga kamar ana kwatanta masa tsakar gidansu. Tukunya ɗaya ce ga kowa. Miyar kuka ko kuɓewa ko taushe tana dawowa kusan kowane dare, ba wanda ke ƙirga sau nawa yaro ya ɗanɗana. Kwaɗon zogale ko na rama yana zuwa da rana, yaro na zaune a kwano ɗaya da yayyensa yana ganin suna wawaso. Babu wanda ya roƙe shi, babu kuma wata tukunyar da ke jiran sa in ya ƙi. Ba na son a mai da wannan tatsuniyar zamanin da: a kwanon tarayya ƙaramin yaro ne ke tashi da yunwa in manya sun fi shi sauri, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma ma sun haura rabi. Wannan matsalar rashi ce, daban take da tsirfa. Tsirfa ta fi samun gindin zama a gidan ma'aikaci mai yara biyu, inda yaro ke cin nasa shi kaɗai gaban waya, kuma in ya ture tuwo, cikin minti biyar an dafa masa taliyar leda. A irin wannan gida miyar zogale ba ta samun zuwa na goma, balle na goma sha biyar.

Davis ta yi niyyar gudanar da gwaji na biyu, inda za ta jera kayan zaƙi da abincin da aka sarrafa a gefen nama da ganye, ta ga ko zaɓin yaran zai tsaya yadda yake. Karayar tattalin arzikin shekarun 1930 ta cinye kuɗin aikin, ba a yi shi ba. Ta rasu a 1959 ba tare da ta wallafa cikakkun alƙaluman gwajin farko ba, kuma takardun da aka rubuta cin abinci kusan 36,000 a cikinsu, kwano bayan kwano, ba su kai hannun masu binciken da suka zo bayanta ba.