Ƙarancin Bitamin B12 a Gezawa

Ƙarancin bitamin B12 cuta ce da ke jawo ƙarancin jini, kasala, ciwon harshe da sanƙarewar yatsu. Ana samun bitamin ɗin a nama, kifi, ƙwai da nono. Gero da dawa, cimar manoman Gezawa a Jihar Kano, ba su da shi. Wanda hanjinsa ya kasa tsotse shi, ko wanda shan maganin metformin shekara da shekaru ya rage masa shi, allura kan cece shi: cyanocobalamin duk wata, ko hydroxocobalamin duk wata biyu zuwa uku, wani lokaci har ƙarshen rayuwa. Sai an gwada jini tukuna, a asibiti irin na Koyarwa na Malam Aminu Kano, domin shan bitamin folik asid kaɗai a madadin B12 kan gyara jini alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa.