Tarihin Rolls-Royce, motar sarakuna da ake ƙerawa da hannu

A arewacin Najeriya doki ne abin hawan sarauta, to amma tun zamanin Turawa mota ta samu gurbi a fada. Fadar Kano ta yi fice wajen ajiye tsofaffin motocin Rolls-Royce, waɗanda aka sha ganin marigayi Sarki Ado Bayero a cikinsu a ranakun bukukuwa.

Asalin motar dai ya faro ne a birnin Manchester na Ingila a shekarar 1904, lokacin da injiniya Henry Royce, wanda ya tashi cikin talauci, ya haɗu da Charles Rolls, ɗan masu hannu da shuni mai dillancin motoci a Landan. Sun kafa kamfani a 1906. Motarsu ƙirar Silver Ghost ta yi suna a 1907 bayan wani gwajin tafiyar mil 15,000. Rolls bai daɗe yana cin moriyar nasarar ba, domin ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1910.

Abin da ya bambanta waɗannan motoci shi ne yadda ake ƙera su. Har zuwa ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, inji da ƙashin mota kawai kamfanin ke sayarwa. Mai saye ne zai kai su wurin maƙeran gangar jiki irin su Hooper ko Park Ward ko H. J. Mulliner, waɗanda wasunsu sun gaji sana'ar tun daga zamanin keken doki. Su ne za su sassaƙa katako, su bubbuga ƙarfe da guduma, su ɗinka fatar kujeru, duk bisa zaɓin mai ita, kusan kamar yadda ake ba badukun fada aikin sirdi. Da wuya a samu motoci biyu iri ɗaya, kuma wannan ne ya ja hankalin sarakunan Indiya da na Larabawa da na Afirka. Ƙirar Phantom IV, wadda aka yi daga 1950 zuwa 1956, guda 18 kacal aka ƙera, kuma gidajen sarauta da shugabannin ƙasashe kaɗai aka sayar wa.

Kamfanin Bentley, wanda aka kafa a 1919, ya yi suna ne a tseren Le Mans na Faransa, kafin bashi ya durƙusar da shi Rolls-Royce ya saye shi a 1931.

Shi ma Rolls-Royce ɗin ya karye a 1971, sakamakon kuɗin da ƙera wani injin jirgin sama ya lashe, har sai da gwamnatin Burtaniya ta karɓe shi. A 1998 kuma Jamusawa suka raba gadon: Volkswagen ya samu Bentley da masana'antar Crewe, BMW kuma ya sayi sunan Rolls-Royce a kan fam miliyan 40, sa'annan ya buɗe sabuwar masana'anta a Goodwood a 2003.

Makanikan Tudun Wadar Zariya dai sun fi sanin Peugeot, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, kuma kayan gyaranta suka wadata a kasuwa. Tsohuwar Rolls-Royce kuwa, idan ƙofarta ta lotse, ba a samun madadinta a shago, sai dai a nemi wanda zai sake ƙera ta da hannu.